An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsagewar Layin Tayil da Abin da Ke Motsi a Ƙarƙashinsa

Sau uku ana cike wa addata layukan tayil ɗin falonta a Tumfure da ke gefen garin Gombe, sau uku suna sake buɗewa. Na farko bayan tarewa da wata huɗu ne. Mai tayil ya zo da ledar farin siminti, ya dama a gwangwani, ya bi layukan da yatsa da tsumma, aka ba shi na shan ruwa ya tafi. Damina ba ta raba tsakiya ba tsagar ta dawo mazauninta, daga bakin ƙofar kicin, ta gaban doguwar kujera, har gindin taga. A karo na biyu ya ce ai simintin ne jabu, aka sayo mai tsada. A na uku shi kansa aka sauya. Da na je mata barka da sallah sai na tarar da ita duƙe da tsintsiya, tana tattara garin da ke fitowa daga layin.

Na ce, "Adda, wannan fa ba laifin farin siminti ba ne."

Ta ɗago ta ce, "To laifin wa? Ni dai shi na ga ya fashe."

Da gaskiyarta, shi ne ido ke gani. Haka kuma yawancinmu muke ɗaukar lamarin, shi ya sa ake ta asarar kuɗi a wuri ɗaya ana maimaita gyaran da ba zai zauna ba.

Abin da ake cike tsakanin tayil da shi, ko farin simintin da aka saba ko na leda mai launi da ake kira girawut, siminti ne da garin dutse ko lallausan yashi, wani a ƙara masa sinadarin roba kaɗan. Aikinsa ya hana datti da ruwa shiga, ya kare bakin tayil daga ɓantarewa, ya kuma ɓoye ɗan bambancin girman da ke tsakanin wannan falle da wancan. Ba shi ke riƙe da tayil ba. Abin da ke riƙe da shi yana ƙasa. Siminti kuwa halinsa ɗaya ne a ko'ina: yana jure danni, ba ya jure ja. Ƙarfinsa wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen ɗaukar nauyi ba, dalilin sa wa dakin, wato zubin kankaren bene, rodi ke nan. Shi kuma tayil an gasa shi a wutar da ta haura digiri 1,000, ya yi tauri kamar tangaran. To idan falle biyu suka ɗan ja baya da juna, ko ɗaya ya nutsa ɗaya ya tsaya, ko da da kaurin silin gashi ne, wa zai fara karyewa? Ɗan siririn simintin nan da ke tsakiya, marar gata. Tsagewarsa saƙo ce daga ƙasa cewa wani abu yana motsi.

Kakanninmu ba su san wannan ciwon kai ba, kuma ba don ƙasarsu ba ta motsi ba ne. Daɓen gargajiya, wanda mata ke taruwa su yi da tsakuwa da ruwan makuba suna buga madaɓi suna waƙa, shi da ƙasar da ke ƙarƙashinsa dangi ne. Tare suke shan danshi, tare suke bushewa, in ya tsage a yayyafa ruwa a sake bugawa. Da zamanin tarazo ya zo, wato daɓen siminti da ƙananan tsakuwa da ake gogewa ya yi sumul, wanda har yau ake gani a tsofaffin makarantu da ofisoshin gwamnati a Bauchi da Gombe, masu aikin suna raba daɓen gida-gida da siraran layukan gilashi ko roba ko tagulla. Mutane sun ɗauka ado ne. Adon na nan, amma babban amfaninsu shi ne a nuna wa daɓen inda zai tsage idan tsagewar ta zo, don kada ya zaɓa da kansa. Mu ne muka zo da tayil mai faɗin santimita 60, yanzu har da mai tsawon 120, muka manne shi bango zuwa bango, baki da baki, muka ce kada ya motsa.

Motsin da ya fi kowanne girma a nan yankin na ƙasa ne. Duk wanda ya bi hanyar Deba ko Dadin Kowa da rani ya ga baƙar lakar nan da ke dararrabewa har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta kumbura ta kama tayar mota. Injiniyoyi suna kiranta ƙasar auduga, kuma daga yankin Yamaltu Deba ɗalibai da malaman jami'a suka sha ɗibar samfurinta don gwaji. A cikinta akwai wani nau'in yumɓu mai shan ruwa ya kumbura kamar garin rogo, in ya bushe ya tsuke. Shi kansa garin Gombe ba a kan ƙasa iri ɗaya yake zaune ba: wani ɓangare rairayi ne da dutsen yashi, wani kuma yana kan shimfiɗar laka wadda masana ilimin ƙasa suka raɗa wa sunan garin Pindiga. Shi ya sa za ka ga gida biyu, magini ɗaya, siminti ɗaya, na wannan unguwa lafiya lau, na waccan kuwa ko shekara uku bai yi ba ya fara tsagewa.

Abin da ke ɓarna ba kumburin kansa ba ne, rashin daidaitonsa ne. Ruwan sama a Gombe yana zuba ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sauran watannin ƙasa na bushewa. Gefen gida, inda ruwan indararo ke sauka rana kuma ke duka, yana jiƙa yana bushewa duk shekara. Tsakiyar gida kuwa, da yake rufe take, danshi yana taruwa a hankali ba ya fita. Sai ya zama gefe na hawa da sauka, tsakiya na ɗagowa sannu a hankali, daɓen kankare kuma yana tsakani ana lanƙwasa shi. Idan da dogon yaro ko mangwaro kusa da bango, saiwarsa tana tsotse ruwan wannan kusurwa da rani, kusurwar ta sauka fiye da sauran. Idan kuma sokawe ko bututun banɗaki na yoyo a wancan gefe, can ɗin ya kumbura. Alamar wannan irin motsi ita ce yana bin yanayi: tsagar ta buɗe baki a watan Maris, ta rufe a Agusta, ƙofar da ke rufuwa lafiya da rani ta fara cijewa da damina.

Amma kada a ɗora wa ƙasar Allah laifin da ba nata ba. A gidaje da yawa, har da waɗanda ke kan rairayi mai kyau, matsalar ciko ce. An ɗaga fandisho bulo uku ko huɗu, an kira tifa ta juye jar ƙasa, lebura sun baje da shebur, shi ke nan. Wani ma har da ɓaraguzan gini, ledoji, kututturen itace da baƙar ƙasar da aka haƙo daga ramin fandishon. Ƙa'ida ita ce a zuba cikon hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce kamar inci shida, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da inji ko da abin dannawa mai nauyi kafin a ƙara wani. Tsofaffin magina da ba su da inji sukan bar ciko ya sha damina guda kafin su zuba kankare, kuma dabarar tana aiki. Cikon da ba a danne ba zai danne kansa, sai dai a lokacin da ya ga dama, bayan an shimfiɗa tayil an jera kujeru. Itacen da aka binne kuma gara za ta cinye ta bar kogo.

A kan cikon ne ya kamata a zuba abin da magina ke kira jaman fulo: a shimfiɗa leda don tare danshi, a sa ragar ƙarfe, a zuba kankare mai kaurin inci huɗu zuwa shida, kwaɓin kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Mu faɗi gaskiya, gidaje nawa ake yi wa haka? Da kuɗi sun fara ƙarewa, abin da ido ba zai gani ba shi ake fara yankewa. Sai a yi ɗan shafe mai kaurin inci biyu a kan jar ƙasa, buhu ɗaya a ja shi ya yi aikin biyu, a ce ai tayil zai rufe. Abin mamaki, a jihar da kamfanin siminti na Ashaka ke aiki tun 1979, siminti ne abin da muka fi yi wa ƙwauro a inda ya fi amfani, mu kuma zuba kuɗin a kan silin mai ado da fitilu masu launi.

Ko da an yi komai daidai, akwai motsin da ba makawa sai ya faru. Kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, kusan rabin milimita a kowace mita. A falo mai tsawon mita shida, milimita uku ke nan. Ba yawa a ido, amma tayil ba ya tsukewa tare da shi. Yawancin wannan tsukewa a makonnin farko take faruwa, shi ya sa ƙa'idar aikin tayil ta Ingila ta ce a bar sabon kankare ya yi mako shida, shafen siminti da yashi na samansa kuma mako uku, kafin a ɗora tayil. A nan kuwa an sa ranar biki, dangin amarya za su zo jere ranar Alhamis, ango yana tsaye a kan mai tayil. A zuba daɓe Litinin, a shimfiɗa tayil Laraba, a cike layi a daren, washegari a shigo da gado da kabet. Bayan wata biyar kankaren ya gama tsukewarsa, ya matse tayil ɗin ta kowane gefe.

Sai zafi. Kowane abu yana buɗewa in ya ji zafi, amma ba daidai ba. Kankare ya fi tayil buɗewa. Ɗauki baranda mai tsawon mita biyar da ke kallon yamma. Tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar Afrilu, lokacin da iska kanta ke kai digiri 40, bambancin zafin daɓen zai iya haura digiri 30. A wannan tazara kankaren zai yi motsi kusan milimita ɗaya da rabi, tayil kusan milimita ɗaya. Wannan rabin milimita da ke tsakaninsu, yau da gobe, shekara da shekaru, shi ke yanke abin da ya manne su. Tayil mai duhu ya fi shan wahala don ya fi ɗaukar zafi. Ga kuma wani hali na tayil ɗin yumɓu: tun daga ranar da ya fito daga wuta yake shan danshin iska yana ƙara girma kaɗan-kaɗan, kuma ba ya komawa.

Duk wannan da sauƙi da an bar masa wurin numfashi. Amma me maigida ke cewa? "Malam, ka matse min shi sosai, ba na son ganin layi." Mai tayil kuma, don a yaba masa, sai ya haɗa baki da baki, ya kai fallen ƙarshe ya tokare da bango, ya cike da siminti. Ranar da matsin ya kai maƙura, yawanci da tsakar daren hunturu ko da la'asar mai zafi, sai a ji ƙara kamar an harba bindiga, a fito a ga layi biyu na tayil sun tashi sun yi tozo a tsakiyar ɗaki. Na san gidan da aka kwana ana karatu aka yi hayaƙi saboda wannan. Addu'a ba ta ɓaci, amma abin da ya tayar da tayil ɗin rashin tazarar milimita shida ne a gindin bango.

A bene labarin ya ɗan bambanta. Dakin yana lanƙwasa, ko da ido bai gani ba, musamman idan an rage rodi, ko an cire katakon tallafi kafin kwana 21 da aka saba, ko an ɗora bangon bulo a inda babu bim, wato ginshiƙin kankare na kwance, a ƙasa. A Amurka, inda ake yawan shimfiɗa tayil a kan daɓen katako, suna da ma'auni: lanƙwasar kada ta wuce kashi ɗaya cikin 360 na tazarar da ke tsakanin ginshiƙai, wato kusan milimita 11 a mita huɗu. Idan tsagar layi a bene ta bi saman bim, ko ta ratsa tsakiyar ɗaki, aka kuma ga irinta a silin ta ƙasa, wannan ya wuce mai tayil. A nemo injiniyan gini, kuma kada a ja lokaci.

Akwai kuma motsin da bai wuce falle ɗaya ko biyu ba, kuma shi ya fi yawa. Tayil ne bai kama ba. Hanyar da aka gada ita ce a baje kwaɓin yashi da siminti mai ɗan danshi, a kwarara ruwan siminti, a ɗora tayil a bubbuga da gudumar roba. Da tayil ɗin yumɓu na da, wanda ake jiƙawa a baho kafin a sa, hanyar tana aiki domin bayansa yana shan ruwan simintin ya riƙe. Tayil ɗin fosilin na yanzu kuwa ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, siminti zalla ba ya samun abin kamawa a jikinsa. Yana buƙatar gam ɗin tayil na buhu, a shafa da cokali mai haƙora, a shafi bayan fallen ma idan babba ne, har gam ya rufe aƙalla kashi 80 cikin ɗari na bayansa, a banɗaki da waje kuma kusan duka. Wani mai aikin sai ya ɗiga gam a kusurwa huɗu da tsakiya don buhu ya yi auki. Sauran wurin kogo ne. Duk wanda ya taka, fallen ya ɗan duƙa ya ɗago, layin da ke kewaye da shi ya niƙe ya zama gari.

Don adalci, wani lokacin laifin cikon layin ne da kansa: an tsinka shi da ruwa kamar koko, ko an shafa shi sama-sama a kan ƙura, ko iskar hunturu ta busar da shi kafin ya kama, ko kuma masu wanki sun dinga zuba masa ruwan asid, wanda ke cin siminti kamar yadda yake cin dattin. Irin wannan ana gane shi: ko'ina yake a ɗakin ba tsari, yana fita in an kankare da farce, tayil ɗin kuma daram yake. Shi kaɗai ne sake cikawa ke warkarwa.

To yaya mutum zai san da wanne yake fama? Ba sai da na'ura ba. A ɗauki makulli ko cokali a bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Wanda ya kama yana amsawa da murya a dunƙule, wanda ya saki kuwa yana ƙara kamar ganga. A yi wa kowane mai ganga alama da alli. In an gama a koma bakin ƙofa a dubi zanen da allin ya fitar. Idan a warwatse suke, aikin mannewa ne bai yi ba. Idan sun jeru a layi ɗaya dogo, tsagar ma wani wuri ta bar layi ta ratsa ta cikin fallen, to kankaren ƙasa ne ya tsage tayil ya kwaikwaye shi. Idan gindin bango ne da kusurwoyi da bakin ƙofa, tazara ce babu. A ɗora doguwar sandar alminiyom ta magina a kan tsagar: in gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ƙasa ce ta sauka ko ta ɗago, kuma wannan ya fi tsagar da ta buɗe a kwance muni nesa ba kusa ba. Sannan a fita waje a zagaya gidan, a dubi bango, a dubi inda ruwan rufi ke zuba, a dubi ko akwai wurin da ba ya bushewa.

Gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne wanda mutane suka fi ƙi, domin haƙuri yake so. A samu wuri biyu ko uku a kan tsagar, a ɗan shafa farar ƙasar silin a gicciye, a rubuta kwanan wata a gefe, a ɗauki hoto da waya. A bar shi ya ga ƙarshen rani da tsakiyar damina. In bai tsage ba, motsin ya gama, gyara zai zauna. In ya tsage ya kuma rufe, motsin yanayi ne, sai a yi gyaran da zai zauna da shi. In kuwa kullum ƙara buɗewa yake, akwai abin da ke ci a ƙasa, kuma duk kuɗin da aka kashe a sama kafin a gano shi sadaka ce ga mai shagon kayan gini.

Gyara daga waje yake farawa, ko da yake a falo ake ganin ciwon. A toshe yoyon bututu. A sa wa rufi indararo mai kai ruwa nesa da fandisho. A zagaye gidan da daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya ko fiye, mai gangara zuwa waje, don danshin gefen gida ya daina hawa da sauka da yawa. A kan baƙar laka wannan daɓen zagaye ya fi duk wani gam mai tsada amfani. Fulawar da ake shukawa a jikin bango ana ba ta ruwa safe da yamma, kyanta na ido ne kawai.

A ciki kuma, abu na farko a ba tayil wurin motsi. A cire sikatin, wato siririn tayil ɗin da ke bin gindin bango, a yanke simintin da ke tsakanin fallen ƙarshe da bango har ƙasa, a bar tazarar milimita shida ko fiye, a mayar da sikatin ya rufe. A bakin kowace ƙofa, da inda daɓe ya haɗu da bango a banɗaki, da kan layin da tsagar ke yawan dawowa, a kankare simintin gaba ɗaya a maye shi da silikon mai launin da ya dace. Silikon yana miƙewa yana dawowa. Ƙa'idar masu tayil ta Amurka ta ce a bar irin wannan layi mai laushi duk bayan mita shida zuwa bakwai da rabi a cikin ɗaki, a waje ko inda rana ke duka kuwa duk bayan mita biyu da rabi zuwa uku da rabi. Manyan falukanmu da masallatai da ɗakunan taro da yawa sun haura wannan tsawo ba tare da layi ko ɗaya ba. Sharaɗi dai a share ramin tas ya bushe, in yana da zurfi a cusa siririn soso a ƙasa, don silikon ya kama gefe biyu kawai. In ya manne har ƙasa ba zai iya miƙewa ba.

Sauran layukan da za a sake cikawa da siminti, a kankare tsohon aƙalla kashi biyu cikin uku na zurfinsa. Shafa sabo a kan tsoho kwalliya ce ta mako biyu. A yi hankali da injin yanka, yana ɓantare bakin tayil cikin ƙiftawar ido, ƙurarsa kuma tana illa ga huhu, a rufe hanci. A dama da kauri, a danna shi ciki sosai, a rufe tagogi in hunturu ne, a hana takawa kwana ɗaya ko biyu. Fallen da ke ganga kuwa ciko ba zai cece shi ba, sai an ɗaga an kankare ƙasan an sake mannewa da gam. A jikin buhun gam mai kyau akan ga C2, alamar ƙarfin kamu, da S1 ko S2, alamar yana jure ɗan lanƙwasa. Su ake nema don baranda, bene da manyan falle.

Ana yawan tambaya game da ifokzi, cikon layin nan mai haɗi biyu da ba ya shan ruwa ba ya baƙi. Yana da kyau a kicin da banɗaki, amma ba maganin motsi ba ne. Ya fi siminti ƙarfi, don haka in ƙasa ta motsa shi ba zai karye ba, sai ya miƙa wa tayil ɗin. Ka tashi daga asarar leda ɗaya ta ciko ka koma asarar kwali. Akwai kuma shimfiɗar roba da ake sawa tsakanin kankare da tayil don kowa ya yi motsinsa, irin Ditra ta kamfanin Schlüter na Jamus. Tana aiki a kan tsagar da ke buɗewa a kwance, ta 'yan milimita, amma ba ta da abin yi da daɓen da gefensa ɗaya ke nutsewa, kuma ba a kowane shago ake samunta ba. Inda ciko ya zauna ya bar kogo, ba wata dabara: a fasa wurin, a sake cikawa a danne, a zuba kankare da raga. Wanda ƙasarsa ke motsi sosai kuma aljihu bai kai ba, ni a ganina ya haƙura da babban tayil. Ƙananan falle masu layi mai faɗin milimita uku zuwa biyar sun fi jurewa, a tsakar gida kuma intalok ya fi, don shi a kan yashi yake zaune, in ya nutsa a ɗaga a gyara a mayar.

A falon Adda, alli ya fitar da layi ɗaya miƙaƙƙe, falle goma sha ɗaya. Da aka ɗaga na bakin kicin sai ga jar ƙasa jiƙe sharkaf a watan da ko ɗigon ruwan sama babu. Bututun wurin wanke-wanke ne ya rabu a gwiwa, wa ya san tun yaushe, cikon ya zauna, ɗan shafen da ke kansa ya karye. Aka gyara bututu, aka fasa aka sake zubi, muka sha rigima kafin ta yarda a bar wurin mako uku da tabarma a kai. Irin tayil ɗinta kuma ya ƙare a kasuwa, ko kwali ɗaya ba a ajiye ba lokacin gini, dole aka sa wani mai ruwan ƙasa a jere kamar da gangan aka yi ado, da silikon a gefe da gefe. Baƙi suna yaba zanen. Ita kuwa har yanzu in na shiga sai ta kai ni gindin taga, inda na shafa farar ƙasa na rubuta kwanan wata, ta haska da fitilar waya ta ce, "Duba min da kyau, ni idona ba ya gani sosai."